Tamfol Mai Hoton Ciyaman

A unguwarmu, can gefen hanyar da ta nufi Dutse, muna da wani tsarin rabon rufi da hukuma ba ta san da shi ba. Duk Sallah ana rataya gaisuwar Ciyaman a shataletale, a jikin wani ƙaton tamfol mai hotonsa. Bayan sati biyu masinjan sakatariya ya sauke, ya kai wa Mai unguwa, shi kuma ya ba wanda ɗakinsa ya fi yoyo. Layi ake bi. Gaisuwa guda takan rufe ɗaki ɗaya, har a sami rarar da za a lulluɓe akurkin kaji.

Ni ɗakin Inna, mahaifiyata, na sa a layi. Kwanon rufin ya tsufa, iska ta ɗauke falle guda, na toshe da buhuna. Ruwa na sauka sai ta jera kwanuka a kan gado ta koma bakin ƙofa. Sallah uku ina jira. Sau ɗaya layi ya zo kaina na bar wa wani tela maƙwabcinmu, don matarsa ta haihu.

A shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, abin da na fara karantawa a waje shi ne rufin telan nan. Na hau katanga na haɗa baƙaƙen a hankali. Ashe alkawarin gina gidaje masu sauƙin kuɗi ne a ƙarƙashin Barka da Sallah. Na gaya masa, ya ce shi dai nasa alkawarin ya cika.

Sai aka yi sabon Ciyaman. Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah, wadda layina ya zo, muka ji a rediyo cewa ya hana buga tamfol. Wai ɓarna ce. Zai gaishe mu ta saƙon waya, kuɗin kuma a zuba su a shirin gidaje. Mutanen gari suka yi ta yabo. Unguwarmu kuwa kamar an yi rashi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna ta soma wanke kwanukanta.

Saƙon ya shigo ranar Sallah. Na karanta mata daga farko har ƙarshe, ta saurara, sannan ta ce, "To, ɗora wayar a kan rufin mu gani."

Malamin ajinmu ya ba mu aikin rubuta wasiƙa zuwa ga wani babba. 'Yan ajin suka rubuta wa surukai da yayye. Ni na rubuta wa Ciyaman. Kwana huɗu na yi ina gogewa. Na gode masa da gaisuwa, na yi masa addu'a, sannan na roƙe shi ya dawo da ɓarnar nan, domin ita ce shirin gidajen da ya taɓa isowa unguwarmu. Na ƙara da cewa idan za a buga, a zaɓi mai kauri, kuma a ƙara girman hoton. Malam ya karanta, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce kada in canza ko harafi ɗaya.

Na kai sakatariya da kaina. Na zauna a benci tun hantsi har azahar, ina jin takardata tana yawo daga ofis zuwa ofis, dariya na bin ta. Can wani jami'i ya fito ya tambayi mai wasiƙar. Ya rubuta sunana a jerin masu neman gida, ya ce wannan sai an jira. Na ce jira sana'ata ce, amma damina ba ta iya ba.

Ya kai ni sito. Akwai tamfol ɗin tsohon Ciyaman, sabo fil, wanda aka buga ba a kai ga ratayawa ba ya sauka daga kujera.

"Baba, ɗauki," in ji shi, "amma ka kifa fuskar ƙasa. Kada Oga ya wuce ya ga ɗan adawa a saman gidanka."

Na ce ranka ya daɗe, ko a ninke ne zan iya.

Muka cire buhunan, muka kifa shi ni da tela, muka danne da duwatsu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne gurbin fallen nan. Ɗakin ba silin. Da rana ta haska, sai ga idon tsohon Ciyaman ɗaya da rabin murmushinsa suna leƙen gadon Inna. Ta jawo mayafi ta yafa, ta ce ba ta saba zama da baƙon namiji kai a buɗe ba.

Washegari aka yi ruwa mai ƙarfi, ko ɗigo bai shiga ba. Na zo da buhu zan rufe masa ido, ta hana. Ta ce in bar bawan Allah, shekarunsa a kan mulki bai taɓa leƙo ta ba, yanzu da ya zo ba za a kore shi ba.

Sunana yana jerin gidaje har yau. Nakan je in karanta shi da kaina, in dawo.