Gaɓar da ke Ƙarƙashin Gidan Mijinyawa

Mijinyawa mai tubali ne, a wani ƙauye da ke bakin tabki tsakanin Dakoro da Birnin Lalle. Ubansa masunci ne. A zamanin uban, ruwa har kusa da ƙofar gidansu yake kaiwa, Fulani da Buzaye suna shayar da dabbobi nan har bazara. Shi bai gaji kamun kifi ba, don kafin ya yi aure kifin ya ƙare. Ruwa ya riƙa ja da baya shekara bisa shekara, yana barin baƙar laka mai danƙo. Mijinyawa ya kwaɓa ta da ƙafa, ya zuba mata ƙaiƙayi, ya fara buga tubali.

Sana'ar ta karɓe shi. Amalanken jakai suna zuwa ɗauka, wani lokaci har babbar mota kamiyo daga Dakoro. Da tubalinsa anka gina lakwal, makarantar bokon ƙauyen. Ya yi wa matarsa Alheri ɗaki, ya kewaye gida da katanga. Wasu sunka gani sunka shigo sana'ar. Da lakar fili ta ƙare, sai anka koma cin gindin gaɓa, inda ƙasar ta fi kyau. Gangaren da yara ke sauka a guje ya koma tsaye kamar bango, ya fi tsayin mutum, gidan Mijinyawa kuma yana bisa kansa.

Daminar bara anka yi ruwa mai ƙarfi. Tabkin bai cika ba, amma ruwan da ya gangaro daga tudu ya jiƙa gaɓar har ciki. Washegari da hantsi Alheri tana daka, ta ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin turmi. Da ta waiga, garken awaki babu shi. Ya tafi ƙasa duk da turaku da akuyar da ke ɗaure. Bayan kwanaki kaɗan tsaga ta fito a bangon ɗakinta, siririya kamar zare. Mijinyawa ya liƙe ta da laka, ta sake buɗewa.

"Malam, ɗakin ga ba ya ganin wata damina," in ji Alheri.

"Na sani," ya ce.

Wani ma'aikaci ya zo daga ofishin magajin gari, ya duba, ya ce a daina haƙa gindin gaɓa. Kowa ya daina. Yayan Mijinyawa, Halidu, ya ba shi fili bisa tudu kusa da gonarsa ta hatsi, ya ce ya gina ya tashi.

Sai dai gini yana son tubali. Mijinyawa ya zagaya tabkin duka yana neman laka. Ta gabas rairayi ce, tubalin yana bushewa yake rugujewa a hannu. Ta tsakiya ruwan da ya rage ya rufe ta, masu lambu kuma ba su yarda a taɓa ba. Laka mai kyau wuri guda ta saura, ƙarƙashin gidansa.

Halidu ya iske shi can ƙasa yana haƙa da magirbi, ƙasar gaɓa tana zubo masa bisa wuya.

"Mi kake yi haka, Mijinyawa?"

"Kaɗan nika ɗiba, Yaya. In kai sabon ɗakin ga rufi, shi ke nan."

Halidu ya ɗaga kai ya dubi gindin katangar da ya leƙo waje. Ranar ya kwashe Alheri da yara zuwa gidansa.

Yanzu bazara ta yi nisa. Sabon ɗakin ya kai kafaɗa, bai kai rufi ba. Tsagar tsohon ɗakin hannu yana shiga cikinta, kana hango tabkin ta nan. Mijinyawa yana nan yana haƙa, ya ce sauran tubali kaɗan. Jiya da la'asar hadari ya haɗu gabas, iska ta watsa shi. Manoma sun ce na gaba ba ya watsewa, har sun fara fito da iri.