Ƙwarin Bokitina da Tsutsar Wuyan Kyanwa

Kuma fa ƙwarin nan kuka suke yi, wallahi. Ka ɗora ɗaya a tafin hannu sai ka ji tsiit-tsiit. Baƙaƙe ne wuluk, suna sheƙi, da ɗan ƙaho a ka. A McLeansville, nan Amurka, na samo su cikin ruɓaɓɓen kututture, su shida, na zuba su a bokiti da itacensu na kawo gidanmu na Glenwood. Shekarata sha biyar lokacin.

Sai kyanwarmu ta fito da ƙari a wuya, da ɗan rami a tsakiya. Likitan dabbobi ya zaro wata tsutsa ƙatuwa. Anti, yayar Mama da ta zo daga Maradi, tana jin labarin ta nuna bokitina.

"Ga uwar tsutsar nan."

"Anti, ƙuda ne ya yi ta. Na karanta a laburare."

"Ke za ki koya mini ƙwaro? Na cire irinta a bayan uwarki tun ba a san za a haife ki ba."

Ku duba bambancin don Allah. Wannan ƙuda, na tsane shi. Ƙwai yake zubarwa a bakin ramin zomo ko ɓera ya yi tafiyarsa. Dabba ta zo shinshine-shinshine, tsutsar ta maƙale mata, ta shige ƙarƙashin fata tana ci tana ƙiba. Ƙwarina kuwa, uwa da uba suna zaune tare da 'ya'yansu, su tauna musu itace su ba su. Ba sa cizo. Katakon gida ma ba sa taɓawa, sai wanda ya ruɓe.

Duk na faɗa mata. Ta ce, "To malamar ƙwari, kin gama?"

Washegari na sauko daga bas ɗin makaranta na tarar da ita a filin bayan gidanmu da tukunyar tafasasshen ruwa, bokitin yana tururi. Na tona itacen da hannuna, ba ko ɗaya mai motsi. Ita kuwa ta koma ciki ta kama guga kamar yadda ake yi a Maradi saboda ƙudan da ke zuba ƙwai a kayan shanya, har safa da ɗankwali, alhali a inji muke busar da kaya.

Sati biyu ban gaishe ta ba, sai da Mama ta tilasta ni. Ƙudan yana can cikin ciyawa, ba wanda ya taɓa shi.

Ku fa, an taɓa kashe muku abin da kuke kiwo kan laifin da ba nasa ba? Ku ba ni labari.