Tawada a Farcen Malam

Shin mijina Malam ya samu ya jefa ƙuri'ar nan kafin Allah ya karɓi abinsa, ko kuwa a kan layi ya tsaya? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi, kuma har yau babu wanda ya ba ni amsar da zuciyata ta kwanta da ita. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata, wata 'yar Nijar mai kirki, ita ke rubuta wannan. Ina faɗa tana sawa a takarda, idan kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni.

A wancan lokacin ni tsohuwa ce mai miji, ban san abin da ake kira kaɗaici ba duk da ina ƙasar da ba na jin yarenta. Ɗanmu na fari, injiniya, shi ya ɗauko mu daga Gusau ya kawo mu Silver Spring a Amurka bayan Malam ya yi ritaya daga gidan waya. A wani dogon bene muke, can sama inda ko kukan zakara ba ya isowa. Da safe ɗanmu da matarsa su fice aiki, gida ya rage daga ni sai Malam. Shi ne idona, shi ne bakina. Shi ke karanta lambar bas, shi ke danna na'urar hawa bene, shi ke raka ni shagon 'yan Afirka mu sayo daddawa da kuka, yana tsokanata wai na zo Amurka amma cikina yana Gusau. Muna da kujeru biyu a bakin taga. Nan muke wuni, yana sauraron labarai a rediyo, yana fassara mini abin da motoci da mutane ke yi a ƙasa kamar shi ya aike su.

Abin ya soma ne daga wata ambulan. Matar ɗanmu ma'aikaciyar jinya ce, ita da mijinta sun riga sun zama 'yan ƙasa. A shekarar tana da cikin fari, likita ya hana ta yawan fita, sai ga zaɓen nan ƙasar ya zo. Rannan muna zaune ta ɗauko wata doguwar takarda ta cika a kan teburin cin abinci, ta naɗe ta sa a ambulan ta liƙe. Malam, da yake rayuwarsa duka a cikin wasiƙu ya yi ta, ba ya ganin ambulan ya ƙyale. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya auna ta a tafinsa kamar yadda ya saba, ya tambaye ta wa za a kai wa. Ta ce masa ai ƙuri'arta ce, zaɓe ta yi ke nan. Ya ɗauka wasa take. Ta yi masa bayani cewa ɗan ƙasar nan ko a bangon duniya yake zaune, muddin ya yi rajista ya nema, takardar za ta bi shi har inda yake, ya cika ya mayar ta gidan waya. Malam ya daɗe yana juya ambulan ɗin yana duba wurin kan sarki. Can ya dube ni ya ce, "Hajiya, na ɗauki wasiƙar aure, na ɗauki ta mutuwa, na ɗauki sammaci. Ashe akwai wadda ban taɓa ɗauka ba."

Ya kamata in faɗi yadda Malam ya ɗauki zaɓe, don kada a ce rigimar tsufa ce. Tun yana saurayi bai taɓa bari an yi ba da shi ba. Shekarar da aka fara barin mata su yi zaɓe a ƙasarmu ta Arewa, yayyensa sun ce matan gidan ba za su fita ba. Shi bai yi musu da kowa ba, sai dai da safe ya ce in ɗauko mayafina. Yana gaba ina baya har rumfar. Na dangwala yatsa, aka shafa mini tawada a farce, amma da yake na sha lalle ba ta fito ba, ya yi ta yi mini dariya a hanya wai tawa ƙuri'ar ba ta da shaida. Tun daga ranar, duk zaɓe idan mun dawo gida sai mu haɗa manyan yatsunmu mu ga na wa ya fi baƙi.

To, zaɓen gida yana matsowa, shi kuma ya ga abin da ambulan ke iyawa. Ya sa babbar riga, ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai ya nufi ofishin jakadancinmu a Washington, da tunanin cewa in ma ba a aikowa ta gidan waya, ai za a ajiye akwati a can. Ya dawo da la'asar, ya zauna bai cire hula ba. Ya ce sun karɓe shi da mutunci, har kujera suka ba shi, amma sun ce doka ba ta ba da dama ba. Wanda ke son yin zaɓe sai ya koma gida ya yi sabuwar rajista, ya jira ranar, ya tsaya a layi da ƙafarsa. Ranar tuwon da na tuƙa haka ya kwana.

Bayan kwana kaɗan ya ce zai tafi. Ɗanmu ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya tuna masa da hawan jininsa, ya ce tsakanin rajista da zaɓe watanni ne, kuma zaɓen zai faɗo tsakiyar bazara, jikin da ya saba da sanyin nan ba zai ɗauki ranar Gusau ba. Har ya ce masa ƙuri'a ɗaya me za ta canza. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma ya san ba za ta canza komai ba, amma a nan ƙasar ba a ƙirga shi, idan a can ma aka daina ƙirga shi, to shi mutumin ina ne? Ɗanmu ya sunkuyar da kai, ya je ya sayo tikiti.

A bakin taga ya ce mini in shirya mu tafi tare. Ni kuwa na riga na ƙulla nawa. Mahaifiyar matar ɗanmu ta rasu, haihuwar fari ce, kuma a ganina babu yadda za a yi mace ta haihu babu babbar macen da za ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata jiki. Har ganyen darbejiya busasshe na sa an kawo mini daga gida ina ɓoyo. Na ce masa idan na tafi me dangin yarinyar za su ce da mu? Ya ce gaskiya ne, amma wa zai haɗa yatsa da shi? Na ce masa ya girma da wannan wasan. Haka na faɗa, ina dariya.

Ya tafi cikin sanyi. Daga ranar ban ƙara sauka ƙasa ni kaɗai ba, don ina tsoron na'urar ta rufe da ni. Rediyon ma ban san inda ake murɗawa a kamo Hausa ba. Ina zaune a kujerata, tasa tana kallona. Yakan kira ni da rana idan yara sun fita. Ya gaya mini ya yi rajista bayan ya yi ta sintiri, sun ɗauki hotonsa ya fito kamar ɓarawon akuya, katin kuma yana aljihun gaba ko masallaci zai je.

Haihuwa ta zo da gardama, sai da aka yi mata tiyata aka ciro yarinya mace. Da aka sallamo su na dafa ruwa a babbar tukunya, na zuba ganyena, gida ya ɗauki ƙamshin da na sani. Matar ɗana ta riƙe hannuna cikin ladabi ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, likita ya hana ruwan zafi ya taɓa ɗinkin." Kunun ma ta kurɓa sau biyu don kada in ji kunya. Ba laifinta ba ne, yarinya ce mai biyayya, kuma ta fi ni sanin aikin asibiti. Na ɗauki tukunyar na juye a bahon wanka, ina kallon ganyen yana taruwa a bakin rariya. Abin da ya hana ni bin mijina ke nan.

Ranar zaɓen, a nan safiya ce, ina goye da jaririyar, sai ɗanmu ya shigo ɗakina ya durƙusa har ƙasa. Rabon da ya durƙusa mini haka tun muna Gusau. Ban bari ya yi magana ba, na kwance goyon na miƙa wa uwarta. Malam ya yanke jiki ya faɗi a rumfar zaɓe da tsakar rana, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Kafin mu gama salati har an yi masa wanka. Ɗanmu ya kara mini waya a kunne, na ji kabbarorin sallarsa daga nesa, da kukan wata akuya a bayansu. Iyakar jana'izar mijina da na samu ke nan.

A wannan benen na yi takaba. Mutanenmu na nan sun kyauta, sun zo daga Alexandria da sauran garuruwan kusa ranar Asabar da Lahadi, da kulolin abinci, aka yi addu'a. Ranar Litinin kowa ya koma aiki, haka ƙasar take. Da a gida ne, da tsakar gida ta cika da mata har a yi arba'in, wata ta tsefe mini kai, wata ta zauna kusa da ni ko ba ta ce komai ba. A nan kuwa daga ni sai ƙarar firiji.

Cikin wannan zaman tambayar ta kama ni. Ƙanen Malam ya ce mini ta waya ai ya jefa, ya fito ya zauna a gindin bishiya ya nemi ruwa. Wani ɗan'uwansu ya ce a'a, an dai tantance shi da safe, yana jiran a fara jefawa. Wata ta ce daga kan layi aka ɗauke shi. Na lura kowa sai ya saurari muryata tukuna ya zaɓi abin da zai faɗa. Mutum ɗaya ne ya riƙe hannun Malam ya wanke shi yatsa bayan yatsa, shi ne limamin unguwarmu, kuma shi ba ya gyara magana don a ji daɗi. Amma da wane baki mace mai takaba za ta sa a kira liman daga Amurka ta tambaye shi ko ya ga tawada a farcen gawa? Sai a ce tsohuwa ta zautu. Na bari sai na je da kaina. Da Allah ya nufa na je bayan shekara biyu, na tarar liman ya rasu da daminar da ta wuce.

Na dawo nan saboda jikata ta saba da ni. Ana nan, wata shekara aka ba 'yan Nijar da ke waje dama su yi zaɓe a ofishin jakadancinsu. Wannan maƙwabciyar tawa ta shigo gaishe ni da yamma, ta miƙo hannu, sai na ga baƙi a yatsanta. Na riƙe yatsan na kasa saki. Ranar ta fara jin labarin nan, ita ce kuma ta ce ya kamata a rubuta.

Na san kwanan Malam ne ya ƙare, ko ina gefensa ba zan ƙara masa numfashi ɗaya ba. Amma da na bi shi, da ina layin mata ina hango hularsa, da ni zan ba shi ruwan, da ban kai yau ina tambayar mutane abin da idona ya kamata ya gani ba. Ku tsofaffin da 'ya'ya suka kawo ƙasar wasu, kada ku rabu da juna saboda abin da mutane za su ce, domin ranar da ɗaya ya tafi, mutanen suna wurin aiki. Kafin ki zauna don wata hidima, ki tambayi mai hidimar ko tana bukata. Abin da ke cin ranki kuma ki tambaya tun masu amsa suna da rai, kunya ba ta hana ni komai ba sai sani. Ku kuma masu iko a gida, ku tuna akwai tsofaffi a nesa da har yanzu suke ƙirga kansu a cikinku. Ambulan ɗaya da ta ishi mijina.

Ana gobe zaɓe Malam ya kira ni da azahar ɗin nan Amurka. Muryarsa garau, ya ce an wanke masa farar rigarsa an goge, ya tambayi jaririya, ya tambaya ko ina cin abinci. Na ce masa ya riƙe lema, ya sha maganinsa. Ya yi dariya, layin yana tsinkewa yana dawowa, sannan ya ce:

"Hajiya, idan suka shafa mini gobe, ba zan yanke farcen ba sai na kawo miki kin gani."