Ranar da Ludo Ya Kori Jama'a

Ludo Daelemans mai raba wasiƙu ne a unguwar Borgerhout ta birnin Antwerp, kuma a shekara talatin da ya yi yana bin gidaje a kan kekensa, ko kare bai taɓa yi masa haushi ba. Wannan shi ne babban baƙin cikin rayuwarsa. Tsofaffin mata suna tare shi da kofi, yara suna ɗaga masa hannu, mai shagon burodi yana ajiye masa wanda ya fi gasuwa. Shi kuwa bawan Allah ba abin da yake so a duniya kamar a ce yau ga mutum ɗaya ya hango shi ya canja hanya.

Shi ya sa ranar Lahadi yake canja suna. Ya tuɓe rigar gidan waya, ya sa baƙar riga wadda matarsa Marleen ta goge masa, ya koma Mayanka. Da wannan suna aka san shi a wajen masu kiɗan ƙara, kiɗan nan da ba ganga, ba amshi, ba inda ƙafa za ta kama ta taka, sai ruri da ƙugi kamar an jefa injin niƙa cikin injin kwaɓa siminti an kulle ka tare da su. Duk garin masu son wannan kiɗa ba su kai sittin ba, kuma hamsin daga cikinsu makaɗa ne masu jiran layi ya zo kansu.

Matattararsu wani ɗaki ne a ƙarƙashin tsohon shagon wanki, na wani Fons, dogo mai gemu, wanda rabon da a ga haƙoransa tun kafin a fara kashe yuro. Da can sai dare ya yi ake farawa. Maƙwabta suka kai ƙara, hukuma ta aiko da takarda, su ma 'yan kallon bayansu ya soma ciwo, sai aka mayar da abin ƙarfe uku na yamma, a watse kafin shida. Fons yana dafa miyar kabewa a tukunyar lantarki can a kusurwa. A bakin matattakala akwai kwano cike da abin toshe kunne, kowa ya ɗiba kamar gyaɗa ya wuce.

Abin alfaharin ɗakin shi ne ƙofar ƙarfe da ke bayan teburin makaɗa. Doka ce tun farko: duk wanda kiɗansa ya kori fiye da rabin mutanen ɗaki kafin ya gama, Fons zai rubuta sunansa a jikinta da farin fenti. Suna goma sha ɗaya ne a kai. Akwai wani Bajamushe da ya zo da injin yankan tayil. Akwai wata mata daga Ghent da ta yi minti ashirin tana murza jiƙaƙƙen balan-balan a bakin makirfo, har wani ya yi amai a hularsa. Amma shekara tara ke nan ba a ƙara ko harafi ba, domin 'yan kallon sun riga sun ƙeƙashe. Za ka gan su tsaye, hannu a harɗe, ido a rufe, suna gyaɗa kai a hankali kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa, ko rufin zai faɗo ba mai motsi.

Ludo ya shekara ashirin da bakwai yana kallon ƙofar nan. Ya sayi akwatunan murɗa sauti har bakwai, ya jona su da wayoyi kamar hanjin rago, ya ƙure kowane maɓalli, ya ɓata fuska iyakar iyawarsa. Idan ya gama sai su zo ɗaya bayan ɗaya su dafa kafaɗarsa, su ce kiɗan nasa akwai ɗumi a ciki. Wani ya ce yana sa shi tuna gida. Wata ta ce da kaset ɗinsa take lallashin jaririnta ya yi barci, ta kuma nemi a ƙara mata wani don 'yar uwarta ta haihu. Ludo ya yi mako guda ba ya cin abincin kirki.

Dalilin ɗumin nan shi kaɗai ya sani. Kowane makaɗin ƙara yana da abin da yake ɗura wa akwatunansa: wani ƙarfe yake kankara, wani shuuu ɗin rediyo yake kamowa. Shi Ludo ɗan ƙaramin makirfo yake liƙawa a maƙogwaro da salatif, kowa kuma ya ɗauka ihu yake yi yana tsine wa duniya. Ina fa. Waƙoƙin da kakarsa ke rawa da su a gidajen rawa na bakin tashar jiragen ruwa yake rerawa, na matuƙin jirgi da budurwar da ke jira a taga. Allah ya ba shi murya mai zaƙi kamar zuma, kuma ya tsane ta tun yana makaranta, lokacin da fada ya sa shi a gaban mawaƙan coci, iyaye mata suka yi ta share hawaye. Ya gwada ihun, maƙogwaronsa ya ƙi. Waƙar ce kaɗai ke fita, sai ya bar akwatunan su tauna ta su tofar. Ko Marleen ba ta sani ba, don a rumfar lambunsu ta bayan gari yake gwaji.

A kakar bara kunnuwansa suka fara fito, fiton da ba ya tsayawa. Likita ya leƙa, ya gwada, ya ce kiɗan nan ya ƙare, in dai yana son ya ji muryar jikokinsa. Ludo ya yi ta ciniki kamar mai sayen kifi har ya samu a bar masa wasa ɗaya na bankwana, da sharaɗin ya toshe kunne, sannan ya ɗora babban marufin nan da ma'aikatan filin jirgin sama ke sawa.

A hanyar gida ya gaya wa Marleen cewa wannan ce damarsa ta ƙarshe ta hawa ƙofar Fons.

"In so kake a tsane ka, Ludo, ai da sauƙi," in ji ta. "Ka fara kai wasiƙun mutane gidan da ba nasu ba."

"Wannan kuma ai rashin mutunci ne."

"To ka ji matsalarka."

Ranar ta zo, wata Lahadi a watan Nuwamba, ana yayyafi. Mutum ashirin da uku suka sauko, har da Fons da Marleen, wadda rabonta da ɗakin shekara goma. Ta samu akwatin giya ta zauna a kai, jakarta a cinya. Ludo ya aro ƙarin akwatuna biyu don kada a ce ya rage wani abu, da soket ɗin teburin ya cika sai ya jona duka a doguwar wayar da tukunyar miya ke kai. Ya liƙa makirfo, ya cusa abin toshe kunne, ya ɗora marufin, ya runtse ido kamar yadda ya saba, ya murɗa.

Minti biyar na farko, gaskiya, ya yi abin a yaba. Ƙurar rufi tana zuba cikin miya, kwalabe suna tafiya da kansu a kan kanta. Jama'a suka harɗe hannu suka soma gyaɗa kai.

Sai tukunyar ta ja wuta don ta sake ɗumama miya, doguwar wayar ta ce ba da ita ba, ta ɗauke. Akwatuna tara suka mutu lokaci guda. Su kuwa manyan lasifikokin a wani layin suke, suna nan da ransu, kuma irin akwatunan Ludo idan suka mutu ba sa tare hanya, abin da ya shiga shi ke fita. Rurin ya yanke kamar an sa wuƙa. Abin da ya rage a ɗakin shi ne muryar Ludo Daelemans, tsaf, mai daɗi, tana cika kowace kusurwa da labarin wani matuƙin jirgi da ya yi alkawarin dawowa kafin furanni su buɗe.

Shi bai san abin da ake ciki ba. Ido a rufe, kunne a toshe hawa biyu, fiton cikin kansa yana ta yi masa ruri, ya ɗauka yau ne ranar da ya fi kowace rana mugunta. Yana murɗa matattun maɓallai da ƙarfi, yana dukan tebur, gumi yana ɗiga daga hancinsa, fuska a murtuke kamar mai shirin kisa, bakin kuma yana zubo soyayya.

Ba wanda ya je ya taɓa shi. Doka ce ita ma, Fons da kansa ya kafa ta: ba a kusantar teburin makaɗi yana cikin wasa, ko da wuta ce ta kama. Fons ɗin yana tsaye da ludayi a hannu, bakinsa a buɗe.

Da farko jama'a sun ɗauka dabara ce, yanzu zai murƙushe waƙar ya nuna musu yadda ake wulaƙanta ta. Suka jira. Baiti na ɗaya ya wuce lafiya, na biyu ya shigo da ƙarin zaƙi. Wani ƙato mai zane-zane a fatar jiki har wuya ya duba ƙasa, ya tarar ƙafarsa tana taka rawa ba da izininsa ba. Ya kalle ta, ya kalli na kusa da shi ko an gani, ya ɗauki lemarsa ya haye matattakala. Wani mai sayar da kaset, wanda ya taɓa tsayawa awa guda a gaban injin huda bango bai ƙifta ba, ya ji mahaifiyarsa ta faɗo masa a rai, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wa na gefensa ya manta bai kulle kekensa ba. Abin da ya ƙarasa ɗakin shi ne amshi. Ashe duk sun san shi, kowa da kakarsa. Daga can baya aka ji wani yana bi a hankali, wasu biyu suka kama, sai kowa ya gane in aka ƙara minti ɗaya za a tarar da su rungume da juna suna rangaji. Aka yi matattakala, cikin ladabi, ana ba juna hanya, ba mai kallon idon wani.

Da minti goma sha takwas suka cika, Ludo ya fizge wayar tebur kamar yadda ake rufe wasa, ya buɗe ido. Mutum huɗu ya gani: Fons, Marleen, wani tsoho da ke barci jingine da bango, da makaɗin da zai hau bayansa, wanda ba halin ya gudu ya bar kayansa.

Ya cire marufin a hankali. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Cike da murna, ya juya ya kalli ƙofar ƙarfe kamar mai kallon amarya.

Marleen ce ta gaya masa abin da ya faru. Ta nuna masa matattun fitilun akwatunan, ta faɗa masa tun minti na nawa, har ta maimaita masa inda matuƙin jirgin ya tsaya.

"Shekara ashirin da shida muna tare," in ji ta, "ko ranar aurenmu ba ka rera mini komai ba. Ashe akwatuna kake yi wa."

Ludo ya zauna a kan akwatin giya. Kunnuwansa suka yi ja har ƙeya. Ya yi tunanin gobe Litinin, ya yi tunanin mai sayar da kaset, ya yi tunanin sunan Mayanka da ya shekara ashirin da bakwai yana ginawa. Ya daɗe yana kallon takalminsa. Can ya ɗago ya tambayi Fons mutum nawa suka fita.

Fons ya ce goma sha tara, amma kada ma ya fara, ƙofar nan ta masu ƙara ce, ba ta mawaƙan biki ba. Ludo ya ce a tuna masa yadda dokar take. Fons ya ce kowa ya san abin da ake nufi da ita. Marleen ta ce ita dai abin da ta sha ji a gidanta shi ne rabin ɗaki, ba ta taɓa jin an ce da me za a kore su ba, kuma ko Bajamushen nan mai injin tayil bai kori goma sha tara ba.

"Mutumina, ka rufa mini asiri," in ji Fons. "In na sa sunanka a nan, me zan ce wa mutanen Ghent?"

"Ka ce musu ka ji da kunnenka."

"Na ji, shi ya sa. Ba zan rubuta ba."

Ludo ya miƙe. Ya ɓalle salatif ɗin daga maƙogwaronsa, ya gyara baƙar rigarsa, ya yi gyaran murya. Ya ce waƙar tana da baiti goma sha huɗu, shida kawai ya yi, kuma a na bakwai ne budurwar ke samun wasiƙa. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya kalli Fons cikin ido, ya ɗauko baiti na bakwai.

Makaɗin da ke jiran layi ya bar kayansa ya haye. Fons ya jure layi biyu. A na uku gemunsa ya fara rawa, ya ajiye ludayi, ya durƙusa ƙarƙashin kanta yana laluben gwangwanin fenti. Murfin ya kafe saboda daɗewa, sai da ya sa cokalin miya ya ɓanɓare shi. Ya tsaya a gaban ƙofar, ya juya musu baya, yana rubutu da sauri fenti yana ɗiga, yana cewa ya isa haka, ga shi ana rubutawa.

Ludo bai yi shiru ba sai da ya ga harafin ƙarshe.