Kilishin Ya Falmata da Manyan Baƙina

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata ta unguwar Abbaganaram, kuma kafin wani ya riga ni faɗi, wawan wannan labari ni ne. Aji huɗu na yi a firamare, wanda a gidanmu ya isa a kira mutum ɗan boko, shi ya sa duk abin da ya shafi hukuma ni ake nema.

Ana tsakiyar masifar nan ta 'yan tada ƙayar baya, ɗanta Bukar yana cikin sojojin da aka tura bakin tafki. Ya bugo waya ya ce garin kwaki suke jiƙawa da ruwan da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya sha. Ya Falmata ba ta tsaya kuka ba, ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Mahautan Kasuwar Shanu suka ba da nama, mata suka yi kilishi da dambu, wannan ta kawo dabino, waccan sabulu da man zafi. Shirinta shi ne a damƙa wa direbobin da ke bin ayarin sojoji, shi ke nan.

Ni na hana. Na gyara hula na ce, “Ya Falmata, harkar soja ba a yin ta ta bayan gida. Sai an yi bikin miƙawa.” Ta dube ni ta ce, “To, ɗan boko.”

Muka kafa rumfa, muka gayyato babban baƙo. Ya zo da tawaga, kowa babbar rigarsa na sharar ƙasa. Abin da bokona bai hango ba shi ne, mu nan Barno baƙo ba ya tashi hannu rabbana. Aka fesa musu turare, aka ɗanɗana musu kilishi. Sai sallama. Babban baƙo aka sa masa kwalayen kayan da muka tara a mota. Wakilinsa ma ai ba a bar shi ya ji kunya ba, haka direba, haka mai hoto.

Babu wanda ya yi sata, kuma abin da ke tayar mini da zuciya har yau ke nan. Da hannunmu muka ba su, muna rusunawa, suna karɓa suna sa mana albarka. Ba a samu ko ɗaya da ya ce, “A'a, wannan na yaran da ke kwance a rami ne.” Wani ma tambaya ya yi ko akwai marar yaji, wai yana da gyambon ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya isa hannun Bukar sabulu ne, da kalanda mai hoton babban baƙo yana miƙa kwali.

Nakan ce da Ya Falmata za ta leƙo yau, me za ta gani? Rumfar dai tana nan, ta ƙaro 'ya'ya. Yanzu mutum goma ke tallabe buhun shinkafa guda, suna murmushi ga waya, marainiyar da aka kira ta karɓa tana tsaye a rana sai an gama gyara hula. Tsaki za ta ja, irin nata mai tsawon zance.

Ita ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Amma daga baya ta sake bin gidajen, ba ta gaya mini ba, kuma har yau matan layinmu sukan ƙulla abin da ya samu su ba direba a tasha, ba lasifika. Abin da ya rage nata ke nan, kuma ya fi ƙarfin rumfa.

Makon jiya, bayan addu'ar tunawa da ita, na ja Bukar gefe. Ya dawo daga bakin tafki da rai, sai ɗingishi. Na ce, “Ɗana, mahaifiyarka ta cancanci gidauniya da sunanta. Mu yi ƙaddamarwa, mu kira manya.”

Ya dube ni irin kallon uwarsa ya ce, “Kawu, in sun tashi tafiya da me za mu sallame su? Da likkafaninta?”