Ranar da Yaya Tabawa ta ƙi ƙirga yara

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Tabawa, wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ban taɓa shiga gidanta a Tarai na sami wurin sa ƙafa ba. Da kaka, matan unguwa in za su roron gyaɗa, ko Fulani za su kai nono Kibiya, a tsakar gidanta suke sauke goyo. Ta dama kunu, ta wanke wannan, ta goya wancan.

Wata shekara wata malama ta zo da takardu, wai ana son sanin inda ake buƙatar gidan raino. Ina wurin, ina tsintar wake, ta fara tambayar Yaya.

"Inna, raino kike yi?"

"Raino kuma? 'Ya'yana ne."

"Su nawa?"

"'Yar nan, awaki ake ƙirgawa. Allah dai Ya raya."

"Ana biyan ki?"

Yaya ta kalle ni ta ce, "Asabe, ji wai in sayar wa jikokina kunu."

Malamar ta rubuta babu raino a nan, ta hau babur. Ranar har yaba wa Yaya na yi, domin kuwa haka aka tashe mu: ba a lissafa yara, ba a ce wa ɗan maƙwabci ɗan wani.

Yanzu ina jin masu gardama a rediyo kan kuɗin gidajen raino. Wani ya ce ƙauye ba ya buƙata, ai takarda ta nuna. Su a wurinsu, raino sai mai allo a ƙofa. Ni ban yi boko ba, amma na san yadda aka sami wannan babu ɗin, a gabana aka rubuta ta. Da Yaya za ta ji, dariya za ta fara yi, daga baya abin ya dame ta.

Watan jiya Rabi, wadda a bayan Yaya ta yi haƙora, ta zo min da tagwayenta. Ita ke karɓar haihuwa a asibiti a Kibiya. Surukarta ta rasu, ba mai riƙe mata su, za ta ajiye aiki. Na ce, "In kin ajiye, wa zai tsaya kan masu naƙuda? Sauke min su."

Ban kai Yaya haƙuri ba, gwiwoyina ma sun gaji. Na ce wa Rabi zuwa kaka, bayan nan ban yi alkawari ba. Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar suna a takarda ba, sai wannan hali da ta shafa min, Allah Ya jiƙan ta. Rabi dai ta koma aiki ran Litinin.