Matar Tafinta

Da safen nan ina suyar fari masa, wato fanke, a ƙofar gidanmu na unguwar Talladje. Mijina Lawali yana zaune bisa tabarma da rediyo a kunne. Ya daina zuwa aiki tun da aka ce sojojin Turawa su tattara su bar ƙasar. Shi ne tafintansu. Babbansu ya taɓa cin tuwo a gidan nan, ya dafa kafaɗarsa ya ce ko me ya faru ba za su bar shi ba.

Da hantsi muka fara jin ganga da usur daga bakin gudro, wato titin kwalta. Masu zanga-zanga ne, ɗauke da tutarmu da ta wata ƙasa mai nisa wadda rabinsu ba su san inda take ba. Mun saba ganinsu suna wucewa. Ran nan sai suka karyo kwana suka shigo layinmu.

Mamman ne a gaba, maƙwabcinmu. Bara ya yi ta sintiri gidan nan yana roƙon Lawali ya samo masa aikin tuƙi wurin Turawan. Shi ya ɗaga hannu ya nuna ƙofarmu.

"Ga gidan ɗan leƙen asirin!"

Dutse na farko kaskona ya samu. Mai ya watsu a ƙafata, ban ji zafinsa ba sai daga baya. Lawali ya tura ni ciki.

"Ɗauki Nana, ku bi ta katangar baya!"

Na goya ƴarmu na haura. Ina jin ƙofa ta karye. Na ji muryarsa yana ba su haƙuri da Zabarmanci, ya koma Hausa. Daga nan sai ƙarar sanduna kawai.

Na yi gudu ba takalmi har unguwar Wadata. Wani mai taksi ya ga ƙafata, bai tambaye ni komai ba, ya haye gada da mu zuwa Kirkisoye wurin gwaggona. A cikin motar na yi ta kiran babban sojojin Turawan. Wayar ta yi ta ringi, sannan aka kashe ta.

Bayan la'asar wani tela na layinmu ya kawo Lawali cikin amalanke, ya rufe shi da yadi kamar kaya. Yana numfashi. Ya tambaye ni ko na kira Turawan, ko sun ɗauki wayar. Na ce masa sun ɗauka, suna nan tafe. Kafin magariba ya cika.

Yanzu wasu Turawan ne a barikin da waɗancan suka bari, masu wani yare. An ce Mamman yana tuƙa musu mota.

Gidan ya ƙone, da gado, da hotunan aurenmu. A Kirkisoye aka binne Lawali. Waɗanda suka yi masa salla baƙi ne, sai da suka tambaye ni sunansa. Daga Talladje telan kaɗai ya zo.